Gidajen Sarauta da Fitinar 'Yan Ubanci a Ƙasar Magarya da Dungas

Duk wanda ya saba zama da samarin wannan zamani a garuruwanmu na kudancin Damagaram, ko a gindin bishiyar lakwal bayan an tashi, ko a bakin tasha inda masu cajin waya suke kafa rumfunansu, ba zai rasa lura da cewa babu wani nau'in labari da ya mallake zukatansu kamar labarin gidajen sarauta masu gaba da juna ba, irin wanda za a kashe sarki da makirci, a tsere da jaririnsa cikin dare, yaron ya tashi a hannun baƙi bai san asalinsa ba, sa'an nan ya girma ya tara runduna ya komo neman gadon ubansa. Waɗansu suna samun wannan a littattafan yaƙi da ake bugawa a Kano, ana shigowa da su ta Ɓaɓura da Maigatari; waɗansu ba sa karantawa, sai dai su saurari masu karanta su a waya; waɗansu kuwa, waɗanda suka yi nisa a Faransanci ko Ingilishi, har sun kai ga dogon littafin nan na marubucin Amurka George R. R. Martin, wanda kashinsa na farko ya fito a 1996, aka kuma mai da shi wasan talabijin daga 2011, inda manyan gidaje suke ta halaka juna a kan kujera guda. Ba na cikin masu ganin wannan sha'awa aibi ce, domin iyayenmu ma da Ganɗoki na Bello Kagara da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa suka yi ƙuruciya, magabatansu kuma da ƙissar Antaru da hikayoyin Dare Dubu da Ɗaya, kuma ban taɓa jin wanda karatun hikaya ya hana shi zama mutumin kirki ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne hukuncin da wani ɗan ƙanwata, yaro mai shekara 16, ya yanke wa littafin Martin bayan ya sauke kashin farko. Ya ce mini, "Kawu, abin da ya burge ni shi ne mai gaskiya bai tsira don gaskiyarsa ba, shi aka fara fille wa kai, amma abin da ya ba ni haushi, ai kowa ya san babban ɗa shi ke da gado, me ya kawo zub da jini a kan abin da yake a fili?" Sa'an nan ya ƙara da cewa da ma a ce ƙasarmu tana da tarihi irin wannan, maimakon sunayen gwamnoni da shekarun yarjejeniyoyi da ake sa su haddacewa. Maganarsa ta farko ta mai hankali ce, ta biyu tana bukatar gyara, ta ukun kuwa ita ce ta dame ni, domin yaron a Magarya aka haife shi, garin da reshe guda na gidan sarautar Daura ya zauna a cikinsa ta dalilin irin husumar nan da yake nema a littafin baƙi.

Ƙasar da muke magana a kanta, wadda ta zama gunduma biyu tun da aka cire Dungas daga Magarya a 2011, tana cikin mafi albarkar noma da cunkoson jama'a a Nijar baki ɗaya: jigawa ce mai karɓar gero da gyaɗa da wake, ga fadamun Ƙorama inda ake rake da kayan lambu, ga ruwa kusa ba sai an yi haƙa mai nisa ba, ga gawo ya yi wa gonaki rumfa. Amma Allah da ikonsa ya ajiye ta a tsakanin manyan dauloli, Barno daga gabas, Daura da Kazaure da Kano daga kudu da yamma, Gumel daga kudu maso gabas, Damagaram kuma daga arewa, har ya zama arzikin nan nata shi ne jarrabawarta, domin babu mai ƙarfin da zai dubi rumbunanta da yawan mutanenta ya kau da kai.

Daular da ta fi daɗewa wadda tarihi ya riƙe sunanta a gabashin yankin ita ce Sosebaki, wadda riwaya ta jingina kafuwarta ga Muhammadu Nafarko, mutumin da aka ce daga wajen Barno ya fito, ya zauna a cikin mutanen ƙasa har zuriyarsa ta zama ita ce gidan mulki. Da zamani ya yi nisa, zuriya ta yawaita, sai gidan ya rabu uku: Dungas, da Mirya, da Takai wadda daga baya sarautarta ta koma Washa. Kowane ɗaya daga cikin ukun yana da tambarinsa da fadawansa, kowanne yana ƙirga nasabarsa zuwa ga kaka guda, kowanne kuma yana aika gaisuwarsa Barno shi kaɗai, yana neman a san da shi fiye da ɗan'uwansa. A lokacin da Sosebaki take da wannan girma, gidan Damagaram bai wuce zuriyar wani malami da ya sauka a ƙauyuka a farkon ƙarni na 18 ba. Amma kafin ƙarni na 19 ya ƙare, duk ukun nan sun zama mabiya Damagaram, an ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, kuma ban ga wata hujja da ta fi ƙarfi wajen bayyana wannan juyin ba face cewa gida uku masu kishin juna ba sa fita yaƙi rana ɗaya.

Labarin yammacin yankin ya fi wannan kama da abin da samari suke so, domin akwai birnin da aka ƙwace, akwai sarkin da ya yi hijira, akwai kuma komowa bayan shekara ɗari. Sa'ad da jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya jiƙansa, ya tashi a 1804, Malam Isiyaku ne ya karɓo tuta ya ci Daura, birnin da Hausawa suke ɗauka uwar garuruwansu saboda ƙissar Bayajida da rijiyar Kusugu, sai sarkin birnin, Sarkin Gwari Abdu, ya fita da iyalinsa da fadawansa ya yi arewa. Ba shi kaɗai wannan ƙaddara ta samu ba: gidan Katsina ya ƙare a Maraɗi, na Gobir a Tsibiri, na Zazzau a tsohuwar Abuja. Amma alhali waɗannan sun sami wuri guda sun kafa birni sun tara ƙarfinsu a cikinsa, har Maraɗi da Tsibiri suka hana Katsina da Sakkwato barci shekaru da yawa, gidan Daura sai ya yi ta sauka yana tashi a cikin wannan ƙasa tamu, ya zauna a Yekuwa, wadda a yau take cikin gundumar Magarya, ya zauna a 'Yardaje, kafin reshen Lukudi da ɗansa Nuhu ya tabbata a Zango, wani reshen ya kafu a Baure, wani kuma a Magarya. Aka wayi gari ƙaramar ƙasa wadda mahayi zai iya ratsa ta cikin 'yan kwanaki tana da Sarkin Daura na Fulani a cikin birni, ga kuma 'ya'yan gidan da aka kora a waje, kowannensu yana ganin shi ne halattaccen magaji, kuma sau da yawa ƙiyayyar da take tsakanin korarrun nan ta fi wadda take tsakaninsu da wanda ya kore su zafi.

A nan ne ya kamata a tsaya a gyara maganar yaron ta biyu, domin ita ce mabuɗin al'amarin duka. A al'adar sarautar Hausa, da ta Barebari ma, babu wata ƙa'ida da ta ce babban ɗa shi ne magaji. Duk wanda ubansa ya yi sarauta ɗan sarki ne, yana da haƙƙin ya sa rai. Ƙanen marigayi yana da wannan haƙƙi, ɗan wansa wanda ubansa ya riga ya hau yana da shi, kuma masu zaɓen sarki ne, su Galadima da Ƙaura da Liman da makamantansu gwargwadon al'adar kowane gari, suke duba wanda ya fi cancanta ko wanda ya fi ƙarfi. Idan aka tuna cewa sarki yana da mata huɗu da ƙwaraƙwarai masu yawa, kuma kowane ɗa yana da dangin uwa da barori da dawaki da mallaman da suke yi masa addu'a, waɗanda duka arzikinsu ya rataya a kan hawansa, za a gane cewa rasuwar sarki ba ta barin magaji ɗaya da masu ƙwace, sai dai ta bar masu haƙƙi goma waɗanda haƙƙinsu bai fi na juna ba a idon al'ada. Wannan tsari yana da maslaharsa, kuma zalunci ne a ɓoye ta: yana hana a ɗora jariri ko wawa a kan jama'a don kawai shi aka fara haifa, yana kuma ba dattawan gari damar su zaɓi namijin da zai iya tsare ganuwa. Amma farashinsa shi ne 'yan ubanci ya zama jinin siyasa, kuma wanda aka kayar a zaɓe ba ya ganin an bi gaskiya, sai ya ga an fi shi kyauta ko an fi shi dawaki, saboda haka ya fita gari ya nemi wanda zai ƙara masa dawaki. Malaman fiƙihu sun san wannan haɗari tun da daɗewa, shi ya sa Mawardi a cikin littafinsa na hukunce-hukuncen sarauta ya hana a ƙulla bai'a ga shugabanni biyu a lokaci guda, jumhurin malamai kuma suka fifita haƙuri da sarki mai aibi a kan fitinar da ba a san ƙarshenta ba.

Ba kuwa za a ce ƙa'idar babban ɗa da ta tsare mu daga wannan ba, domin Ingila tana da ita, duk da haka gidan York da gidan Lancaster suka shafe daga 1455 zuwa 1485 suna yanka juna, yaƙin da Martin da kansa ya ce ya ɗebi abubuwa da yawa daga cikinsa. Kuma wanda ya yi nasara a ƙarshe, Henry Tudor, daga gudun hijira ya komo da taimakon Faransa. Neman taimakon baƙo a kan ɗan'uwa, shi ne abin da ya maimaitu a tarihinmu har ya zama kamar doka, kuma Bahaushe ya riga ya faɗa cewa sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. 'Ya'yan gidan Daura da suka kasa haɗa kansu sun nemi inuwar Damagaram, Damagaram ta ba su, amma ba a daɗe ba sai ya zama daga birnin Zindar ake naɗa su, daga can ake tuɓe su, can suke kai gaisuwa, kuma idan Sarkin Damagaram ya ɗaura yaƙi dole su fito da mutanensu su bi shi, ko da yaƙin ba nasu ba ne.

Gidan Damagaram ɗin ma bai tsira daga ciwon da ya ci amfaninsa a jikin waɗansu ba. Sulaimanu ne ya mai da Zindar mazaunin sarauta a farkon ƙarni na 19, ya bar 'ya'ya, cikinsu akwai Ibrahim da Tanimu, kuma husumar waɗannan biyu ta isa a rubuta mata littafi mai juzu'i uku. Ibrahim ya hau a wajen 1822, ya yi ƙarfi har ya fara yi wa Barno taurin kai a kan gaisuwa, sai Shehu Umar na Kukawa ya taso masa. A wajen 1841 sarauta ta koma hannun Tanimu, bayan kamar shekara biyu ta sake komawa ga Ibrahim, Tanimu ya fita yana yawon neman mataimaka, aka yi ta kai da komo, kowannensu idan ya faɗi sai ya dubi gabas, domin a Kukawa ake yanke hukuncin ƙarshe. Baturen Ingila James Richardson, wanda ya sauka Zindar a farkon 1851, Ibrahim ya tarar a kan gado. Bayan haka ba da daɗewa ba Tanimu ya karɓe, bai kuma sake saki ba har rasuwarsa a 1884.

Tanimu sarki ne wanda ba a iya yi masa hukunci da kalma ɗaya. Shi ya kewaye Zindar da ganuwar da har yau ana ganin ragowarta, ya jawo fataken Arewa masu zuwa daga Gat da Tarabulus, ya sa maƙera suka yi masa igwa a cikin birninsa, ya tara 'yan bindiga waɗanda aka ƙiyasta sun kai 6,000 tare da igwa kamar 40, abin da babu wani sarki a ƙasar Hausa da ya mallaki irinsa a wannan zamani. Ana kuma riwayar cewa ya haramta saran gawo ya sa hukunci mai tsanani a kan mai saransa, kuma manomin Magarya da yake ganin yadda gero yake yin kyau a gindin gawo yana da dalilin yi masa addu'a. Amma da wannan ƙarfi ne ya murƙushe sarakunan Sosebaki da na Daura, ya mai da ƙasarsu hanyar rundunarsa zuwa iyakar Kano da Gumel da Haɗeja. Akwai kuma wani darasi da ya koya daga wahalar da ya sha a hannun ɗan'uwansa, wato kada ya dogara ga 'yan'uwa, saboda haka ya ɗora manyan al'amura a hannun bayin sarki da babanni, mutanen da ba su da nasabar da za ta sa su yi kwaɗayin gado. Ibn Haldun ya riga ya siffanta wannan mataki a Muƙaddimarsa tun ƙarni na 14, inda ya nuna yadda mai mulki, idan daula ta kafu, yakan nisanta danginsa waɗanda asabiyyarsu ta ɗora shi, ya jawo bayi da mawali a madadinsu, kuma ya ƙirga wannan a cikin alamomin tsufan daula. Wanda ya karanta tarihin Damagaram zai yi mamakin yadda maganar malamin Tunis ta dace da birnin da bai taɓa jin sunansa ba.

Akwai wani mutum wanda littattafan yaƙi, na Kano da na Amurka, ba su cika tsayawa a kansa ba, alhali shi ne ya biya kuɗin kowane babi, wato talaka. A hikaya, idan an ce runduna ta taso, sai marubuci ya bi jarumi da dokinsa da sulkensa. A ƙasar Magarya da Dungas kuwa, tasowar runduna ma'anarta a bar gero a gona ba a girbe ba, a kwashe mata da yara a shiga gari mai ganuwa ko a faɗa daji, a komo a tarar an fasa rumbu an kore shanu, a ƙirga 'ya'ya a ga babu biyu. Richardson ya rubuta abin da ya gani da idonsa a Zindar, yadda sarki yake fita hari a kan garuruwan da suke kusa da shi, irin su yankin Korgom, ya komo da bayi domin ya biya bashin da fatake suke bin sa, da kuma yadda ake kashe mutane a bainar jama'a da ƙaramin dalili. Waɗannan bayi Hausawa ne, da yawansu Musulmi, waɗanda Shari'a ba ta halatta bautar da su ta kowace fuska ba. An kai waɗansu Kukawa a cikin gaisuwa, an bi da waɗansu ta Sahara, kuma babu maroƙin da ya riƙe sunan ko ɗaya daga cikinsu. Ina ganin wajibi ne a faɗa wa samari wannan a fili, ba don a ɓata sunan magabata ba, sai don kada su ɗauka cewa tarihi kirarin masu doki ne kaɗai, alhali mafi yawanmu jikokin waɗanda suka gudu daga dokin ne. Su ma mutanen Kano ba su zauna haka ba, sun ƙarfafa garuruwan ribaɗi a iyakarsu ta arewa, Ɓaɓura tana cikinsu, saboda haka hari yana zuwa daga kudu kamar yadda yake zuwa daga arewa, mutumin tsakiya kuwa kowa ya zo a kansa yake bi.

Bayan Tanimu 'ya'yansa suka sake buɗe tsohon babin, har Sulaimanu ɗan A'isa ya rinjaya ya riƙe zuwa 1893, shekarar da Rabe ya rushe daular Shehunan Barno, ya zamana Damagaram ba ta da sauran ubangida. Amadu ɗan Tanimu, wanda ake wa laƙabi da Kuran Daga, ya hau a wannan shekara, ya kuma tarar Kano ta shiga basasarta tsakanin Tukurawa da Yusufawa, wata fitinar 'yan ubancin ke nan a gida mafi girma, saboda haka a zamanin Sarkin Kano Alu ya kai yaƙi har cikin ƙasar Kano, kuma ta wannan yanki namu rundunarsa take wucewa tana komowa. Ana cikin haka baƙon da ya fi kowane baƙo ya iso. A watan Mayu 1898 aka kashe Kyaftin Cazemajou a Zindar. A ƙarshen Yuli 1899 sojan Faransa suka karya rundunar Damagaram a Tirmini. A watan Satumba aka kashe Amadu a wajen gudu, Faransawa kuma ba su sha wahalar neman wanda za su ɗora ba, domin ga ɗan'uwansa Amadu ɗan Bassa. Shi ma a 1906 suka tuhume shi da ƙulla makirci, suka tuɓe shi suka kai shi Kodibuwa, suka danƙa riƙon ƙasa a hannun Ballama, ɗaya daga cikin babannin fada, ba a mai da sarauta ga 'ya'yan gida ba sai a 1923 da aka naɗa Barma Mustafa. Tsarin da Tanimu ya kafa domin ya tsare gadonsa daga 'yan'uwa, shi Nasara ya tarar a shirye ya yi amfani da shi ya hana zuriyar Tanimun gado shekara 17.

Sa'an nan aka zo rabon ƙasa, wanda aka yi shi a Landan da Faris bisa bukatun da ba su da alaƙa da nasabar kowa. Faransawa suna son hanya mai ruwa daga Kwara zuwa Zindar zuwa tafkin Cadi, saboda haka bayan yarjejeniyar 1898 aka sake gyara iyaka a 1904 da 1906, sa'an nan tawagar Tilho ta Faransa da ta O'Shee ta Ingila suka bi ƙasa daga 1906 zuwa 1908 suna kafa alamomi 148, waɗanda mutanenmu suke kira tangaraho. Layin ya ratsa tsakiyar tsohuwar ƙasar Daura: Zango da Baure da 'Yardaje suka faɗa hannun Ingila, Magarya da Yekuwa suka faɗa hannun Faransa, haka Dungas da Washa. A can kudu sai abin da ba a taɓa zato ba ya auku, domin a 1906 Turawan Ingila suka kau da gidan Fulani daga Daura suka ɗauko Malam Musa daga Zango suka mai da shi birnin kakanninsa, aka kuma haɗa Zango da Baure a ƙarƙashinsa. Ɗansa Abdurrahman ya yi sarauta daga 1911 har 1966, kuma gidan ne yake mulkin Daura har yau. Ga komowar da hikaya take so, bayan kamar shekara ɗari, amma ba takobin jarumi ne ya kawo ta ba, alƙalamin Razdan ne, kuma reshe ɗaya ne ya ci moriyarta. 'Yan'uwansu na arewacin layi sai suka zama sarakunan kanto a ƙarƙashin kwamandan, aikinsu tara haraji da fitar da mutane aikin tilas, wanda ba a soke shi ba sai a 1946, kuma sarkin da ya kasa cika adadi ana iya tuɓe shi a ɗora ɗan'uwansa, domin kwamandan ma ya gane da wuri cewa a kowane gida akwai mai jiran gado. Talakawa kuwa suka sami wata dabara da kakanninsu ba su da ita, wato idan haraji ya yi tsanani a nan sai a ƙetare tangaraho da dare a sauka wajen dangi.

Wanda yake son ya bi wannan tarihi ba zai rasa madogara ba, sai dai ya kamata ya san halin kowace. Landeroin, tafintan tawagar Tilho, ya zauna da fadawa da dattawa ya rubuta jerin sarakunan garuruwan nan, aka buga a cikin rahoton tawagar a 1911, kuma da ba don shi ba da sunaye da yawa sun ɓace. Amma ya yi tambayoyinsa ne a lokacin da kowane gida ya san cewa abin da ya faɗa wa Bature yana iya zama hujjar ba shi kanto ko hana shi, saboda haka isnadin yana bukatar bincike. André Salifou, ɗan Zindar, ya rubuta tarihin Damagaram na ƙarni na 19 wanda ya fito a 1971, ya kuma yi wasan kwaikwayo a kan Tanimu, M. G. Smith ya fitar da babban littafinsa a kan al'amuran Daura a 1978. William Miles, wanda ya koyar a Magarya yana saurayi, ya komo ya zauna a Yekuwa da 'Yardaje ya rubuta yadda iyaka ta raba garuruwa biyu masu asali ɗaya, littafin ya fito a 1994. Abin takaici shi ne duk waɗannan da Faransanci ko Ingilishi suke, kuma samunsu a Magarya ya fi samun littafin Martin wuya. Abin da yake da Hausa yana bakin maroƙa da makaɗan fada da tsofaffin gidajen sarauta, su kuwa kowannensu gidan ubangidansa yake ɗaukakawa, ya ambaci nasara ya tsallake kashi, saboda haka mai neman gaskiya sai ya ji na Dungas ya ji na Washa ya ji na Zindar, sa'an nan ya gwama, kamar yadda malaman hadisi suke gwama riwayoyi kafin su inganta ɗaya. Ina da yaƙinin cewa saurayin da ya iya riƙe nasabar gidaje bakwai na ƙasar da babu ita a duniya ba zai gaza wannan aiki ba, in an nuna masa ƙofa, kuma marubutan littattafan yaƙi na Hausa, waɗanda suke kai jarumansu biranen aljannu da ƙasashen da ba a san inda suke ba, suna da Ibrahim da Tanimu da Sarkin Gwari Abdu a kusa da su ba su taɓa su ba tukuna yadda ya kamata.

Gidajen nan kuwa ba su ƙare ba, kuma gasar ba ta mutu ba, kayan yaƙin ne suka sauya. A dokar Nijar ta yau, idan sarkin kanto ya rasu, hukuma takan karɓi takardun 'ya'yan gidan da suke neman gado, a binciki wanda yake da haƙƙin tsayawa bisa al'ada, sa'an nan masu garuruwan kanton su taru su jefa ƙuri'a, gwamnati ta tabbatar da wanda ya ci, wanda bai yarda ba kuma ya ɗaukaka ƙara zuwa kotu. Masu neman sukan yi yawa kamar dā, kowanne da dangin uwarsa da attajiransa da 'yan siyasar da suke bayansa, kuma gardamar farko kullum a kan nasaba take, wato wane ne kakansa ya taɓa riƙe tambari, a wane gari, kuma wa ya naɗa shi. A irin wannan zama ne ake fito da tsofaffin takardun zamanin Faransawa a gwada su da haddar dattawa, har rabuwar da aka yi a zamanin Lukudi ko a zamanin sarakunan Sosebaki ta zama hujjar da lauya yake karantawa a gaban alƙali a Yamai.